Sallau Abarshi da Mangwaron Filin Aro

Haihuwa da asali

An haifi Malam Sallau Abarshi a Birnin Konni ranar Ƙaramar Salla ta shekarar 1352 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da watan Janairu na 1934, ko da yake takardar haihuwar da aka yi masa a buro, wato ofishin hukuma, daga baya ta ce "wajen 1934", kamar yadda takan ce wa kusan duk wanda ya zo duniya a wannan yanki kafin 'yancin kai. Sunansa na yanka Salisu, kasancewarsa na uku cikin 'ya'ya maza na mahaifinsa, amma ranar da aka haife shi ta rinjayi sunan, har ya rasu ba wanda ya kira shi Salisu sai liman ranar ɗaurin aurensa. Mahaifinsa, Abarshi, bafatake ne na goro da baƙin yadi, mutumin ƙasar Gwadabawa ta Sakkwato, wanda ya sauka Konni da niyyar cin kasuwa guda, ajali ya same shi a can yana tsoho. Mahaifiyarsa, A'i, 'yar Tsarnawa ce. Gidansu gidan ciniki ne. Ba su da gona, ba su taɓa neman ta ba, kuma wannan rashi ya shafi rayuwar Sallau fiye da yadda iyayensa suka zata.

Karatu

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara shida, wurin wani malamin unguwarsu, inda ya sami abin da zai yi salla da shi har da ɗan ƙari. A shekarar 1943 aka ɗauke shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, a zamanin da masu gari ke ɓoye 'ya'yansu su nuna wa hukuma ƙofar baƙi. Shekara biyu ya yi a can kafin mahaifinsa ya san yadda ya yi ya fitar da shi. Abin da ya fito da shi daga lakwal bai wuce ƙirga da Faransanci da rubuta sunansa ba, sai kuma wata ɗabi'a da ta bi shi har tsufa, ta miƙewa tsaye duk lokacin da ya ga mutum da kakin gwamnati, ko da kuwa mai share buro ne.

Aiki

Daga 1950 ya shiga yaron mota a babbar motar wani kawunsa mai jigilar kaya tsakanin Konni, Tawa da Sakkwato. Ya daɗe ƙwarai a wannan matsayi bai zama direba ba, kuma waɗanda suka yi zamani da shi sun haɗu a kan dalili guda: duk inda mota ta tsaya sai a neme shi a rasa, a tarar da shi gindin wata itaciya yana tsintar iri yana durawa a aljihu, har kawun ya yanke ƙauna daga gare shi.

Da aka buɗe masana'antar siminti a Malbaza ya sami aikin ban ruwa a gidajen ma'aikata, ƙarƙashin wani dattijo mutumin Dahome mai kula da shuke-shuke. Wurin wannan dattijo ya koyi sana'ar da ya rayu a kanta: yadda ake haɗa yashi da taki da baƙar ƙasa, yadda ake tsirar da iri a gwangwani, da kuma auren mangwaro, wato a yanko reshe daga itaciya mai kyawun 'ya'ya a ɗaura shi jikin ƙaramin tsiro har su haɗe su zama jiki ɗaya. An ce cikin 'yan shekaru hannunsa ya kai matsayin da dattijon ya daina duba aikinsa, sai dai ya zauna a inuwa yana faɗa da shi a kan tsadar taba.

Aure da ƙaura

Ya auri Zainabu, 'yar Badagishiri ta ƙasar Illela, a shekarar 1960, kuma ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, uku suka rasu suna ƙanana. A 1975, bayan babban farin da ya ratsa ƙasa, mahaifin Zainabu ya rasu ya bar mahaifiyarta, tsohuwa makauniya, ba mai kula da ita, sai Sallau ya ajiye aikin Malbaza ya kwashe iyalinsa zuwa Badagishiri. Ya isa garin yana da shekara arba'in da ɗaya, baƙo, ba shi da ko taƙi guda na ƙasa, domin gonar surukinsa ta riga ta tafi a shekarun yunwa.

Filin aro

A cikin fadamar garin akwai wani dattijo manomi, Sha'ibu ɗan Wakili, wanda kakanninsa na cikin waɗanda suka sari dajin wurin. Shi ne ya ara wa Sallau wani yanki na garkarsa, wato lambunsa, da rijiyar da aka tona da hannu a gefe. An yi aron gaban maigari da shaidu, bisa al'adar da kowa ya sani a wannan ƙasa ta Adar: mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tashi, yana kai wa mai fili ɗan wani abu daga amfanin wurin kowace shekara domin a san fili da mai shi, kuma ba ya dasa itace. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin a wurin mutanen nan wanda ya dasa itaciya a ƙasa ya ce ƙasar tasa ce, kuma an sha ganin jikokin mai aro sun nuna tsamiya sun cinye gona. Shaidu sun riƙe kalmar Sha'ibu ta wannan rana: "Albasa, tumatir, rogo, dut abin da kaka so. Icce kam, a'a, ɗana." Sallau ya ce ya ji, ya ɗauka.

An zaci zai noma albasa kamar kowa. Maimakon haka sai aka ga ya jera gwangwanaye da ledoji cike da ƙasa, layi-layi, kowanne da tsiron itace a ciki. Da aka kai wa Sha'ibu labari ya zo da sandarsa, ya ɗaga leda guda ya duba ƙarƙashinta, ya ɗaga wata, ya ga babu saiwar da ta taɓa ƙasarsa, ya yi dariya har da tari ya koma gida. Itacen da ke cikin leda ba a dasa shi ba. Kaya ne, ana iya ɗaukarsa a ka.

Sai dai saiwa ba ta san sharaɗi ba. In aka bar leda wuri ɗaya sai ta huda ta nemi ƙasa. Saboda haka babban aikin garkar Sallau, bayan ban ruwa, shi ne ɗaga kowace leda a kai a kai, a datse abin da ya leƙo, a matsar da ita gefe. Da ledojin suna ɗari biyu wannan aikin hantsi guda ne. Da suka kai dubbai ya zama aikin da ba ya ƙarewa, domin kafin ya isa ƙarshen layin yamma na gabas sun fara leƙe. Shekara goma sha shida ya yi yana wannan ɗagawa, shi da Zainabu da 'ya'yansu mata, bayansa ya lanƙwashe tun bai tsufa ba, kuma a duk tsawon wannan zamani ba a taɓa samun saiwar itace guda a ƙasar Sha'ibu ba.

Tallafin gwamnati

Shekarun farko ciniki kaɗan ne, domin mutanen karkara ba su saba sayen itace da kuɗi ba, abin da suke gani Allah ya baza kyauta a daji. Al'amarin ya sauya bayan farin 1984, lokacin da hukuma ta ɗauki maganar hamada da gaske. Sai aka shigo da wani tsari na tallafa wa masu renon dashe: gwamnati ta ba mutum ledoji da iri da arozuwar ta ban ruwa, ta kuma biya shi a kan kowane tsiro da motarta ta ɗauka domin bikin dashen itatuwa na uku ga Agusta, da shingen kare iska a gonaki, da filayen lakwal da kasuwanni. Shugaban ma'aikatan gandun daji na yankin a lokacin, Ɗanjuma, mutum mai ƙiba da son raha, shi ya sa sunan Sallau a farkon waɗanda za su amfana.

Kuɗin tallafi sukan zo, amma da tafiyarsu ta kansu. Takarda takan tashi daga Illela ta je Tawa, daga Tawa ta je Yamai, ta huta a can, kafin ta dawo tsiron dogon yaron da aka rubuta a cikinta ya fi Ɗanjuma tsawo. Sallau bai taɓa zuwa buro ya yi ƙorafi ba. In an kira shi ya je ya miƙe tsaye ya karɓa, ya sayi hatsi ya ƙaro ledoji.

Abin da ya fita daga wannan ɗan fili tsakanin 1985 da 1990 ya fi ƙarfin lissafin wanda bai gani ba. Tun daga watan Yuli motoci da amalanken jakai kan yi layi bakin fadama, ana loda dogon yaro da turare da bagaruwa da gawo da lemu da gwaiba, ana bi da su Illela, Malbaza, Alela, har ƙauyukan bakin iyaka. Da yawa sun mutu, gaskiya ne, awaki sun ci rabonsu. Mai wannan rubutu, wanda ke koyarwa a lakwal ɗin garin a wancan zamani, ya dasa tsiron Sallau a rami guda shekara huɗu a jere, kowace shekara da jawabi da tafi. Amma waɗanda suka tsira sun isa su sauya fuskar ƙasa. Mutum yakan tashi daga Badagishiri ya nufi Konni, ya sauka ƙauyen da ba a taɓa jin sunan Sallau ba, ya tarar da jama'a suna salla ko ciniki ko gardama a inuwar da ta fara rayuwa a tafin hannunsa. Shi kuwa a garkarsa rumfar kara yake fakewa da ita in rana ta yi zafi.

A 1988 Sha'ibu ya rasu. Magadansa biyu ne: ɗansa Labo, wanda ya daɗe yana ci-rani a Abijan, da 'yarsa Kyauta, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da ke zaune a gidan mahaifinta. Aro ya ci gaba yadda yake, sai dai kwandon tumatir na shekara, wanda Sallau kan shuka a gefe musamman domin wannan hakki, ya koma hannun Kyauta.

Shekara guda bayan haka tallafin ya sami sabon reshe, wanda ya fi na farko tsoka. Duk wanda ke da itatuwa masu 'ya'ya hamsin a tsaye a garkarsa, gwamnati za ta gina masa rijiyar siminti, ta kewaye wurin da shingen waya, ta kuma biya shi na wasu shekaru har itatuwan su fara haihuwa. Ɗanjuma ya zo da kansa. "Malam Sallau, kai da ke aurar da mangwaron ƙasar ga baki ɗai, a ce ba ka da hamsin? Tona ramu, gobe in zo in ƙirga." Sallau ya miƙe tsaye ya ce, "Shef, hilin ba nawa ne ba." Ɗanjuma ya tuna masa cewa tun farkon mulkin soja aka yi shela gona ta mai nomanta ce, kuma mai filin ya rasu, ɗansa yana bakin teku. Sallau ya ce shelar ya ji ta a rediyo kamar kowa, amma ba da rediyo suka yi magana gaban maigari ba.

Daminar 1991

A farkon daminar 1991 ciwon ƙaba da ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi a tsakiyar layi. An kai shi asibitin Galmi aka yi masa aiki, kuma likita ya hana shi ɗaukar ko da buta har sai kaka. Zainabu ta tafi jinya. A wannan shekarar kuma, da ƙasa ta shiga hidimar siyasa ma'aikata suna bin bashin albashi, motar gwamnati ba ta zo ɗaukar dashe ba. 'Ya'yansa mata biyu da suka rage a gida suka yi iya ƙoƙarinsu, suka rabar da dogon yaro ga duk mai so, suka ɗaga abin da suka iya ɗagawa. Amma a gefen rijiya akwai wani layi na mangwaro mai aure, sittin da 'yan kai, cikin manyan ledoji masu nauyi, waɗanda wani tajirin Konni ya sa a yi masa sannan ya fasa. Waɗannan suka zauna wuri guda damina guda cur, a ƙasa mai laima.

Da Sallau ya dawo a watan Oktoba ya tafi garka yana dogara sanda. Ya kama leda ta farko zai ɗaga, ta ƙi. Ya bi layin har ƙarshe, ba wadda ta motsa. Waɗanda ke fadama a ranar sun ce ya ajiye sandar ya zauna a ƙasa gefen rijiya.

Halin da ya shiga a bayyane yake ga kowa. In ya bar su, ya dasa itace a filin aro, kuma a idon jama'a ya fara cin gadon marayun mutumin da ya rufa masa asiri. In ya sare su, ya kashe sittin daga cikin mafi kyawun aikin hannunsa, waɗanda saiwarsu ta yi nisan da ba a tono su da rai. Ɗanjuma kuwa ya zo ya ƙirga da murna, ya ce Allah da kansa ya cika sharaɗin gwamnati, abin da ya rage a rubuta suna. Akwai masu faɗa a ji a garin da suka ba Sallau shawarar ya yarda, suna cewa ba shi ya dasa ba, kuma duk wanda takardar tallafi ta fito da sunansa, da wuya wata shari'a ta tashe shi.

Abin da ya yi shi ne ya tafi gidan Kyauta ya tsaya daga zaure ya gaya mata. Ta ce ita mace ce, maganar ƙasa sai Labo. To, kafin saƙo ya je Abijan ya dawo rani zai shiga, kuma mangwaro ɗan wata shida ba ya ketare rani ba ruwa. Shi kuma in aka gan shi yana ba su ruwa, ya amsa cewa nasa ne. Sai ya roƙe ta alfarma guda.

Tun daga wannan mako mutanen fadama suka fara ganin abin da har yau ake ba da labarinsa. Kowace safiya Sallau ya ja guga ya cika arozuwar, ya ɗauko ta har gindin itaciya, ya ajiye. Kyauta ta ɗaga ta zuba. Ya koma ya cika, ya kawo, ya ajiye, ta zuba. Bai taɓa karkata bakin arozuwar da hannunsa a kan layin nan ba. Ranar da Kyauta ke zazzaɓi sai ta aiko babbar 'yarta, domin dai hannun ya zama na gidan Sha'ibu. Masu albasa na kusa sukan yi musu ba'a: "Kyauta, nawa kika biyan lebura naki?" Ita kuma ta ce, "Ni aka biya da ciwon baya. Ku tambayi Baba Sallau wa yaƙ ƙirƙiro wanga aiki." Rani biyu suka yi a haka.

Saƙon Abijan da hukunci

Saƙon da aka aika wa Labo a kaset aka ɗauke shi, kamar yadda mutanen Adar kan yi da 'yan ci-raninsu, kuma da rediyon mai wannan rubutu aka ɗauka, wanda rawar da ya taka a tarihin ba ta wuce danna maɓalli ba, har ma sau ɗaya ya danna wanda ba shi ba aka sake daga farko. Sallau ya yi sallama, ya gai da Labo da mutanen masaukinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya faru ba ragi, ya rufe da cewa itatuwan suna ƙasar Sha'ibu, suna shan ruwa daga hannun 'yar Sha'ibu, kuma duk abin da Labo ya ce a yi da su shi za a yi.

Amsar ta zo bayan watanni, gajeriya kuma da zafi. Labo ya ce ya san irin wannan dabara, yau icce ya dasa kansa, gobe takarda ta rubuta kanta. Kada a taɓa komai, yana nan tafe. Bai iso ba sai a farkon 1993.

An zauna a ƙofar maigari, da shaidun aro biyu da suka rage da rai, da Ɗanjuma da takardunsa. Labo ya zo da shirin faɗa, ya fara da cewa baƙo ya ci amanar ubansa. Sallau ya bar shi ya gama, sannan ya juya wurin Ɗanjuma ya ce, "Shef, rubuta. Garkar mangwaro ta magadan Sha'ibu ɗan Wakili, Labo da Kyauta. Rijiya tasu, waya tasu, kuɗɗi nasu." Ɗanjuma ya ce masa ya san dai in an kewaye wurin da sunan wasu, ba shi da sauran wurin ajiye leda, kuma cikin shekara uku inuwa za ta rufe filin ko da an bar shi. Sallau ya ce ya sani, ai shi ya auri itatuwan, ya san faɗin da za su yi. Labo ya koma ya zauna. Maigari ya tambayi mutanen fadama wa suka ga yana ba itatuwan ruwa, suka ce Kyauta, kuma a kan wannan shaida aka rufe magana.

A watan Janairu na 1994 darajar sefa ta faɗi, zaman Abijan ya gagari Labo, ya dawo gida gaba ɗaya ya nemi filinsa, kamar yadda yake da hakki. Sallau ya kwashe ledojinsa a amalanke cikin mako guda ya share wurin. An gina rijiyar siminti an ja waya, an biya kashi na farko na tallafin, sauran kuma yana kan hanya har yau. Tsarin biyan masu renon dashe shi ma ya tsaya a wannan shekara.

Shekarun ƙarshe

Ya mayar da sana'arsa tsakar gidan surukarsa, inda wuri bai ɗauki fiye da ledoji 'yan ɗari ba, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Samunsa ya ragu ƙwarai, har babban ɗansa ya riƙa aiko da hatsi daga Konni. Ba a ji ya ambaci Labo da mugun baki ba, kuma in Kyauta ta aiko cewa wata itaciya na ciwo yakan je ya tsaya ya nuna da sanda inda za a yanke.

Mangwaron ya fara haihuwa sosai a 1995, manya masu ƙamshi marasa zare, irin da 'yan kasuwar Konni ke biyowa har gindi. Kwandon farko da aka tsinka Kyauta ta ɗora wa 'yarta ta kai gidan Sallau. Ya mayar da shi. Ta zo da kanta ranta a ɓace ta ce, "Baba Sallau, mi niy yi maka?" Ya ce mata ta tuna wa ake kai wa kwandon farko na amfanin fili a ƙasar nan, in aka ga yana shiga gidansa shekara uku a jere, jikokinsa za su sami abin nunawa gaban alƙali, kuma shi ba ya nan balle ya ƙaryata su. Ran Alhamis ta wannan mako, ranar kasuwar garin, aka gan shi gaban tiren 'yar Kyauta yana taya mangwaro, har yana cewa an tsawwala. Ya saya ya biya ya zauna ya sha a nan cikin jama'a. Zainabu ta ce da ya dawo gida ya gaya mata auren ya kama da kyau. Haka ya riƙa yi kowace shekara har ƙarshe.

Rasuwa

Malam Sallau Abarshi ya rasu da hantsin Alhamis, 14 ga Mayu 1998, daidai da tsakiyar Muharram na 1419, a gidansa da ke Badagishiri, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji, yana da shekara sittin da huɗu. Da yake ranar kasuwa ce labari ya bazu cikin mutanen ƙauyuka, jama'ar da ta taru a sallar jana'iza bayan azahar ta fi ƙarfin filin masallaci. Ɗanjuma, wanda ya riga ya yi ritaya, ya zo daga Illela a bayan babur.

Da aka gama haƙa aka zo neman itacen da za a jera a rufe kabari, sai ga Labo da amalanke, ya saro manyan rassa daga mangwaron garkarsu, ɗanyu, wasu da 'ya'ya a jiki. Babban ɗan marigayin, Iliyasu, wanda ya san halin mahaifinsa, ya sa hannu a aljihu. Labo ya riƙe masa hannu ya ce, "Mai da kuɗɗinka, ɗan'uwa. Yau kam ba shi da bakin ƙi." Da su aka rufe shi.

Ya rasu ya bar matarsa Zainabu da 'ya'ya huɗu: Iliyasu, direban babbar mota a Birnin Konni, Hadiza, tana aure a Malbaza, Gimbiya, tana aure a Alela, da Mariama, wadda ta gaji wuƙar auren mangwaro tana ci gaba da sana'ar a Badagishiri. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa.